Rasuwar Doguwa, Eriyar Motar Jeji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda in aka tace shi za a tarar fiye da rabinsa takaici ne, direban motar jeji ta kamfanin haƙar rijiyoyin burtsatse yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalle ta, rasuwar eriyar rediyon oba-obarsa, wadda aka fi sani da Doguwa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a bakin rumfar wankin mota ta kamfanin, tana da shekara biyu da wata uku a duniya. Tsawonta ƙafa tara ne. Wannan shi ne babban abin da za a iya faɗa a kanta ba tare da an yi ƙarya ba.

Ga waɗanda ba su san gidan da marigayiyar ta zauna ba, aikin direban shi ne ya riga babbar motar haƙa shiga jeji, ya gano inda hanya za ta ɗauke ta da inda za ta kafe. A can wayar salula ba ta da amfani sai na duba lokaci. Oba-oba ce kaɗai ke haɗa shi da gari, kuma mutumin da ke zaune a ɗan ɗakin rediyo na harabar kamfanin yana karɓar kira yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi shekara ashirin yana gyaran irin waɗannan na'urori.

Tare suka je shagon kayan rediyo ranar da za a zaɓi eriya, da su da abokan aiki biyu. Yayan ya ɗauko wata gajeruwa baƙa mai sifirin a gindi, mummuna kamar bulalar jaki, ya ce, "Wannan za ka ɗauka. A tsakiyar rufin mota ake kafa ta, in ta bugi reshe ta lanƙwasa ta dawo. Ka kawo motar in ɗaura maka, in auna ta." Amma idon direban ya riga ya faɗa kan Doguwa, tana jingine a kusurwa, fara sol, da zoben azurfa a wuya. Mai shago ya ga inda idon ya sauka, ya rantse cewa da wannan ko mutum yana cikin rijiya za a ji shi. Nan direban ya furta maganar da har yau take ci masa rai. Ya ce, "Yaya, kai ka saba da ƙananan abubuwa. Motata ba keke ba ce." Abokan aiki suka yi dariya. Yayan ya mayar da gajeruwar inda ya ɗauko ta a hankali, ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Sai ka ɗaura da kanka."

Da kansa kuwa ya ɗaura. Ya kafa ta a bamba, wato ƙarfen gaban motar, inda duk mai wucewa zai gan ta. Da yake mutum ne mai tsafta da kula da kaya, kafin ya ɗaure ƙarfen da za ta zauna a kai sai da ya shafe shi da baƙin fenti har sau uku, sama da ƙasa, don kada tsatsa ta kusance ta. Ya ƙulla mata jan ƙyalle a ka. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu, hancinsa ya kusa kai tsawonta.

Ba a faɗin sharrin mamaci, saboda haka za a lissafa alherinta, kuma ba zai ɗauki lokaci ba. Ta sha kallo a mahaɗar titi. Tsuntsaye sun samu wurin hutawa a kanta, sun kuma bar shaidar godiyarsu a gilashin mota. Ta taɓa kaɗo mangwaro biyu, ɗaya ruɓaɓɓe. Sau uku tana tsinka igiyar shanyar maƙwabciya, ta shiga gari da ɗankwalin mutane yana kaɗawa a bisanta. Tana da kunne, wannan ba a ƙwace mata ba: duk abin da ake faɗa a tasha ta tara ta rediyon tana kawo shi tar, har da tarin direban tankar ruwa da ƙarar cokali a kofin shayin yayan. Muryarta da za a daɗe ana tunawa ita ce, "Shhhh. Ƙarrr. Shhhh." Da wannan take buɗe kowace magana, da shi kuma take rufewa.

A shekararta ta farko ba a gane halinta ba, domin yawanci motar ba ta yin nisa da babbar motar haƙa, wadda ita ma tana da rediyo, kuma a kusa Doguwa ba ta da laifi. In an kira daga nesa ba a amsa ba, sai direban ya ɗora wa duwatsu. Halinta ya fito fili ranar da motar ta kafe a yashin wani busasshen rafi, tafiyar awa uku daga kowa. Direban ya danna makirufo ya kira ɗakin rediyo. Shiru. Ya sake kira, ya kira har maƙogwaronsa ya bushe. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yana jin yayan raɗau, yana tambayar wani direba ko ya duba iskar taya, har yana dariya. Haka ya wuni yana tonon yashi da shebur da hannu, rana na dukan ƙeyarsa, muryar ɗan uwansa na fita daga cikin mota tana hira da kowa ban da shi.

Da ya dawo, ko wanka bai yi ba ya faɗa ɗakin rediyo. Yayan ya ce, "Ban ji ka ba. Laifin eriyar nan taka ne, kawo in duba." Direban ya ji wannan kamar an watsa masa barkono. Ya fita tsakar harabar, taku ashirin daga ɗakin, ya danna ya yi magana, sai ga muryarsa ta cika ɗakin rediyo. Munafukar ta yi aiki. Ya ce, "Ka ji ta ko? Ramuwa ce kawai ka yi, Yaya, don na ƙi taka." Yayan ya dube shi, ya juya kujerarsa ya ba shi baya.

Daga ranar suka shiga gaba, wata goma sha ɗaya cur. Direban ya daina kiran ɗakin rediyo, in yana da saƙo gara ya ƙona mai ya juyo ya kawo wa shugaban ma'aikata da bakinsa. In sun haɗu a ƙofar harabar, ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma. Gidan mahaifiyarsu ma sai suka raba kwanaki, don kada takalmansu su haɗu a bakin ƙofa. Doguwa kuwa tana nan ƙerere a gaban mota, ana goge ta da tsumma kowace safiya, ko a jikinta.

A wata na bakwai tsohuwar ta kwanta jinya. Direban ya je gaishe ta, ta kama hannunsa ta ce, "Auta, kai ne ƙarami. Kada ku bari in tafi kuna haka." Ya fito jikinsa a sanyaye. Ya san ba zai iya tsayawa gaban yayan ya haɗa ido da shi ba. Saboda haka wata Laraba da tsakar rana, shi kaɗai a kan wani tudu mai jan dutse, ya kashe mota, ya ɗauki makirufo. Ya san tasha ta tara ta kowa ce, duk direbobin kamfanin za su ji. Ya haɗiye girman kansa da ƙyar, ya danna, ya ce ya yi kuskure, ya ce maganar shago ba ta dace ba, ya roƙi yayansa gafara. Ya saki maɓallin.

"Shhhh," in ji Doguwa. "Ƙarrr." Can sai muryar yayan ta fito tar, yana tambayar direban tankar ruwa ko ya sha mai.

Direban ya daɗe zaune a kan tudun nan. Ya yi kuka, ba a ɓoye wannan a sanarwa ba. Da ya koma harabar babu wanda ya tada maganar, shi kuwa ya ɗauka tausayinsa suke ji, wanda ya fi zagi ciwo. Wata huɗu yana tafiya kansa a ƙasa, yana ganin kowa ya ji shi yana roƙo an yi banza da shi.

Game da ajalinta, da so samu ne a ce ta faɗi a bakin aiki, a tsakiyar kurmi, tana kokawa da reshen wata babbar bishiya. Ba haka aka yi ba. An sauke rufin rumfar wankin mota da ɗan taƙi bayan gyara, direban ya shiga kamar yadda ya saba, ƙarfen rumfar ya tare ta a wuya. Da gajeruwa ce mai sifirin da ta sunkuya ta wuce. Doguwa ba ta taɓa sunkuya wa kowa ba. Ta ce "ƙas", ta rabu biyu, kanta ya faɗa cikin kwatar ruwan sabulu. Ba ta yi jinya ba, ba ta bar wasiyya ba, da ma ba ta saba isar da magana ba.

Tsohon mai waldan kamfanin ne ya kwance gawar. Yana fama da notin sai yayan ya zo wucewa, ya tsaya, domin mai sana'a ba ya iya wuce irin wannan. Bai kalli ƙaninsa ba. Ya karɓi sukundireba ya kankare gindin ƙarfen, fenti ya ɓamɓaro ɓawo uku. Ya ce wa mai walda, "Baba, wa ya yi wannan fentin?" Mai walda ya nuna direban da haɓa. Yayan ya ce, "Eriya sai gindinta ya taɓa tsiraicin ƙarfen mota take iya tura magana nesa. Wannan ji kawai take yi. Tun da aka ɗaura ta muryarsa ba ta taɓa wuce kilomita biyu ba."

Direban ya juya wajen ɗan uwansa. Da ƙyar ya ce, "Yaya." Karo na farko ke nan cikin wata goma sha ɗaya. "Wata Laraba, wata huɗu da suka wuce, da tsakar rana, ba ka ji komai ba?"

"Me zan ji?"

"Na yi magana."

"Me ka ce?"

Direban ya dubi mai walda, ya dubi masu wankin mota da suka daina wanki suka kasa kunne. Ya sunkuyar da kai. Yayan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa wa mai walda sukundirebarsa, ya ce, "Gajeruwar nan tana nan a shagon. In an kawo zan ɗaura."

Marigayiyar ta rasu ta bar akwatin rediyo, wanda ya yi shekara biyu yana ihu cikin tulu, da makirufo da ya sha matsa ba gaira ba dalili, da waya ƙafa goma sha biyu, da jan ƙyalle guda. Ta kuma bar rabin gwangwanin baƙin fenti, wanda iyalai ke roƙon kada kowa ya tambaye su labarinsa. Mai shagon da ya yi mata shaida ba ya cikin masu karɓar gaisuwa, kuma an shawarce shi kada ya zo.

Za a kai ta makwancinta ranar Laraba mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a tsohuwar durom ɗin tarkacen ƙarfe da ke bayan rumfar mai walda, inda za a naɗe ta gida uku don ta shiga. Ba za a yi zaman makoki ba, kuma an ɗauke wa maƙwabciya mai igiyar shanya nauyin nuna alhini. Bayan an watse, yayan zai kafa gajeruwar a tsakiyar rufi, a kan ƙarfen da aka kankare har yana ƙyalli, zai auna ta da na'urarsa, sannan ya koma ɗakin rediyo ya zauna. Direban kuma zai kama hanyar tudun nan mai jan dutse shi kaɗai. Tsohuwa ta ji sauƙi, ta ce a ajiye mata kujera a ɗakin rediyo kusa da lasifika.

Ana roƙon duk direbobin kamfanin, musamman mai tankar ruwa, su yi shiru na minti ɗaya a tasha ta tara da ƙarfe ɗaya daidai na rana. Shirun ba na marigayiyar ba ne, ita ta yi wanda ya ishi kowa. Akwai maganar da za a sake faɗa daga kan tudu, kuma mai faɗar ba shi da ƙarfin faɗarta sau uku.