Yaƙin Katifar Kofur Zubairu

Da sunan Mai riƙe da tsuntsu a sama ba da igiya ba, ga tarihin gwarzon maza, Kofur Zubairu ɗan Tunau, jikan Magaji Mai-Gora wanda ya taɓa korar kura da tari kawai, namijin duniya, bangon bariki, dodon tuwon safe, wanda tun da ya ɗaura ɗamarar soja ba a taɓa ganin bayansa a fagen fama ba, don ba a taɓa kai shi ba. A duk dukiyar da ya tara cikin hidimar ƙasa, babu abin da ya kai masa katifarsa, mai kauri kamar bangon masallaci, wadda ko ƙaninsa bai yarda ya zauna a gefenta ba.

Rannan sai umarni ya sauko cewa rundunarsu za ta tafi bakin daga, kuma a jirgin sama. Jirgin nan wani dattijo ne da ya girmi uban matuƙinsa, sojoji kuwa saboda ƙauna suna kiransa Makara. Makanikin da ke gyaransa bai taɓa yarda ya shiga ba, sai dai ya tsaya a ƙasa yana ɗaga hannu, idonsa cike da ƙwalla. Saboda haka al'adar barikin ita ce duk wanda aka kira sunansa ya zaga ya nemi gafarar jama'a, ya raba kayansa tun yana iya magana. Zubairu ya yi haka cikin natsuwa irin ta salihan bayi. Katifa kuwa ya yi wasiyyarta ga amininsa Kofur Ishaya, mutumin Zuru, wanda ba a kira sunansa ba, suka rungumi juna suna kuka, ko da yake masana tarihi sun ce hannun Ishaya ɗaya yana kan katifar.

Aka shiga Makara, aka rufe ƙofa, kowa ya kama addu'ar da ya iya. Jirgi ya yi gurnani, ya yi tari, farfela ɗaya ta juya, ɗayar ta ce ba da ita ba. Tashi ya gagara, aka sauko da mayaƙa lafiya lau, abin da babu wanda ya yi tanadinsa.

Zubairu ya koma bariki ya tarar da gadonsa ƙarfe tsirara, katifa kuwa tana ɗakin Ishaya, har an yi mata sabon zanen gado. Ya yi sallama, ya nemi abinsa cikin ladabi. Ishaya, wanda fitowarsa ke nan daga wanka da tawul a ƙugu, ya ce kyauta ba ta komawa. Zubairu ya kawo hujjar malamai, cewa wasiyya ba ta aiki sai mai ita ya mutu, shi kuwa ga shi tsaye.

"Wannan kuma laifinka ne, abokina," in ji Ishaya. "Ni na riga na yi kukana."

Nan fa aka buga tambarin yaƙi. Zubairu ya yi kabbara ya cafki kusurwar gabas, Ishaya ya kira sunan kakansa ya riƙe ta yamma, aka ja, aka tirje, bokiti ya faɗi shahidi, takalman fareti suka watse kamar garken awaki, rundunar kuɗin cizo da ta daɗe da kafa daula a cikin soso ta fito tana gudun hijira, matan bariki suka cika taga suna ba kowane ɓangare shawara. Ana tsakiyar wannan gumurzu sai ƙullin tawul ya ci amanar ubangidansa. Ishaya ya duba katifa, ya duba taga, ya zaɓi mutunci. Zubairu ya fito da ganima a ka, yana taku ɗai-ɗai, yara na bin sa da kirari.

Bai kai ga kwanciya ba aka busa begila: an lallashi farfela da waya, a koma jirgi. Gwarzo ya rantse ba zai sake yin wasiyya ba. Ya naɗe katifa ya ɗaure da igiya, ya ce in ma faɗowa za a yi, gara ya faɗo a kan laushi.

A bakin jirgi hafsan lodi ya ce nauyi ya yi yawa, dole a rage abu guda. Kyaftin ɗin rundunar, wanda ciwon baya ya dama kuma ya san Makara ba shi da kujera, ya danna katifa da yatsa, ya dubi Zubairu sama da ƙasa, ya yanke hukunci irin na manyan kwamandoji. Aka shigar da katifa, aka sauke Kofur.

Yana tsaye kusa da makaniki, su biyu suna hawaye, Makara ya tashi. Ya kuma sauka lafiya ba ko girgiza, abin da bai taɓa yi ba, sojoji suka ce albarkar katifa ce, aka hana kowa fitar da ita har abada. Ta zaga bakin daga, ta ga yaƙi, ana ma raɗe-raɗin za a ba ta lambar yabo.

Zubairu kuwa yana nan da ransa, yana kwana a kan tabarmar da Ishaya ya ba shi, bayan ya jaddada masa a gaban shaidu cewa aro ce.