Ranar da Salansata Ta Katse Addu'ar Liman

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da Asabar ɗin da na goya surukina a babur.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke Mabera, kuma babur ɗina ya gaji kamar mai shi. Wata rana na kai shi gyara Tudun Wada wajen Garba bakanike, sai na hango wata salansa ta gwanjo a rataye. A cikinta akwai bawul, wato wata 'yar ƙofar ƙarfe da waya ke ja. In kana tafiya a hankali tana rufe, injin ya yi ja ba hayaniya. In ka murɗa totur sai ta buɗe, hayaƙi ya fice, gudu ya ƙaru.

Garba ya ce, "Malam, wagga ta manyan mashina ta. Naka ƙarami na, ba ya ɗaukar ta."

Na zana masa yadda hayaƙi ke tafiya a bayan kwali (ni da ko fulogi ban iya kwancewa ba). Ya kaɗa kai ya ɗaura mini ita.

Ran Asabar motar Baba Alhaji, mahaifin matata, ta ƙi tashi. Ga shi ana ɗaurin auren 'yar ƙanensa a Ƙofar Marke, shi ne kuma waliyyi. Na ce, "Baba, hau. Yanzu-yanzu za mu isa." Ya tattara babbar rigarsa ya hau.

Ba mu yi nisa ba na faɗa wani rami, waya ta tsinke, bawul ya maƙale a buɗe. Ƙara ta tashi kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse, ƙarfi kuwa babu. Ina murɗawa, babur na kururuwa, muna rarrafe a rana, gumi har cikin idona. Wani dattijo a kan keke ya cim mana, ya gane Baba, suka gaisa da ihu, har ya tambayi iyali da kasuwar shanu, sannan ya wuce mu.

Da muka karyo kwanar masallacin an gaji da jira, ƙanen Baba ya riga ya ba da aure, liman na addu'a, hannuwa a sama. Na yi sauri na kashe makulli. Sai salansa ta yi wani irin tau! kamar bindiga. Dattawa suka zabura, faranti ya kife, goro ya watse a tabarma. Liman ya dakata, ya zuba mini ido ta saman tabarau. A cikin taron har da shugaban makarantarmu.

Baba ya sauka, ya gyara hula, ya ce a hankali, "Allah shi yi maka albarka, Malam. Gida da ƙahwa ni ka komawa."

Ni ma da ƙafa na koma, ina tura babur, ban tsaya cin shinkafa ba. Matata ta riga ta ji labari. Ruwa kawai ta miƙo mini, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka sayi sabon abu da ba ka gama fahimta ba, ka fara gwada shi kai kaɗai a hanyar da ba kowa. In kuwa dole sai ka ɗauki mutum, to kada ya zama wanda za ka durƙusa ka gaishe shi duk ranar Sallah har ƙarshen rayuwarka.