Abin da Ɗanlami Ya Rubuta a kan Gandu

"...da gajiyar mota. Kai ne, ko wani ɗan buro mai zaman ofis ya ari fuskarka?"

Damina ta biyu ke nan da tafiyar Nasara, Turawan mulki. Habi na zaune a ƙofar ɗakinta a Gangara, ƙafafu duk taɓo, ga jikanta Ɗanlami ya iso daga Maraɗi da farar riga da littafi. Ciyawa ta kusa shanye hatsin gonar gidan, in mako ya wuce ba a nome ba, an yi asarar shekara. Habi kuwa ba ta iya roƙo ba, zagi ta iya.

"Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba? Ni da na taho da likkafani."

"Ajiye shi, kai za a naɗe. Wane irin miji ne wannan, wuya kamar na zakara mai mura? Mi ya kawo ka?"

"Aiki. Ana haɗa littafin kalmomin Hausa, kowace kalma da abin da take nufi, layi guda. Na ce bari in zo wajen wadda ta girmi Hausar kanta."

"Karanto mini guda in ji ƙaryar lakol, makarantar bokon taku."

"Gandu: babbar gonar iyali."

Habi ta jira.

"Shi ke nan?"

"Shugabanmu ya ce a riƙe abin da ya zama dole, a zubar da sauran."

"To, gonar Alhaji Rabo ta hanyar Cadawa, wadda 'yan ƙwadago ke nome mishi, babba ce?"

"Babba ce."

"Ta iyalinshi ce?"

"I mana."

"Gandu ne?"

Ɗanlami ya sosa ƙeya da alƙalami. "A'a. Amma ke da ba ki san baƙi ba..."

"Na san gandu, sakarai. Uba gaba, 'ya'ya a jere, tun asuba har azahar, sannan kowa ya tafi 'yar gamanarshi, gonar kanshi. Rumbu guda, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka. Abincin gona ƙwarya guda. Su bakwai ke jerawa a gidan nan. Kakanka ya mutu, ubanka ya bi shi, uku sun tafi Kano, guda soja, kai kuma lakol ta ɗauke ka ta maido mini da alƙalami. Abin da kuka zubar ke nan."

"Wannan ai ya cika shafi, matata. To tamu ta bayan gari, mi zan kira ta yanzu?"

"Je ka tambayi ciyawa, ita ke da ita."

Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ya rufe littafin, ya cire takalma.

"Kin ci, mayya. Ba ni hauya. Amma gobe da safe kawai, motarmu na tashi da azahar."

Habi ta kamo hannunsa ta juya. Tafin laushi kamar na jariri. Safiya guda, da wannan hannu, kusurwa guda za a nome, ta sani.

"Tashi ka ci tuwo, ragon miji," ta ce. "Kar ka faɗi mini a gona in rasa mai ɗauko ka."