Rasuwar Gwaggo ta Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma gajiyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Injiniyan sashen manhaja, mai tebur kusa da taga a hawa na biyu, yake sanar da abokan aiki da 'yan'uwa rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, ƙarfe goma da minti arba'in, a makwancinta na ƙarƙashin tebur, bayan doguwar jinyar da ta ɓoye wa kowa, shi ma ya taya ta ɓoyewa. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, wanda a wajen kwamfuta tsufa ne tukuf.

Marigayiya baƙa ce, doguwa, mai ƙura a haƙarƙari. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin nan ya san muryarta. In aka kunna ta sai ta ce "ƙit" sau ɗaya tak, fankarta ta ɗauki "furrr", faifanta kuma ya shiga "ƙas-ƙas-ƙas" kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ba ta da sauri, ba ta kuma taɓa cewa tana da shi ba. Haƙuri ne da ita, irin wanda ke sa a yi ta ɗora wa mutum kaya har a manta yana da wuya.

Kamfanin nan, kamar yadda aka sani, manhajar asibitoci yake yi, wadda ke ba marasa lafiya ranar ganin likita, ta kuma tura musu saƙon tuni a waya. Da aka yanke shawarar yanka babbar manhajar zuwa ƙanana goma sha biyu, wannan ta yi rajista, waccan ta zaɓi rana, wata ta tura saƙo, a cikin Gwaggo aka fara raino. Kowace ƙaramar manhaja an haɗa ta da ɗan rakiya, wato wata 'yar manhaja da ke kai mata saƙo wajen 'yan'uwanta, ta kuma ajiye mata abin da take son tunawa, don kada kowa ya damu da sanin inda ɗan'uwansa yake kwana. Su ashirin da huɗu ke nan a ciki ɗaya. Gwaggo ta yi nishi, ta yi zafi, amma ta ɗauke su. A zamanin, gardama komai tsawonta takan mutu da zarar Injiniya ya ce, "A wajen Gwaggo dai yana aiki."

Abin da zai biyo baya bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, sai yau da mutuwa ta tona.

Shekara uku da suka wuce, wata Alhamis, aka yi ƙaura. Aka sa kowace manhaja da ɗan rakiyarta a kwantena, wato akwatin da ake ƙunshe manhaja, aka kwashe su zuwa gungun sabobi, wato manyan kwamfutocin haya, inda in ɗaya ta faɗi wata ke tashi nan take. Manaja ya gayyato shugabannin asibitoci ƙarfe biyu su ga abin da idonsu. Ƙarfe ɗaya ta yi, komai ya tashi a gungu ban da abu ɗaya: rumbun da 'yan rakiyan ke ajiye sunayen waɗanda za a yi wa tuni. Ya ƙi tashi ƙememe. Injiniya ya buɗe fayil ɗin saiti, ya nemo layin da ake rubuta adireshin rumbu, ya share, ya sa adireshin Gwaggo, ya buɗe mata ƙofa ta baya. Allon bango mai nuna lafiyar manhajojin ya koma kore shar. Baƙi suka tafa. Manaja ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce, "Wannan bawan Allah, da muna da irinsa biyu ai da mun huta." Injiniya ya yi murmushi, ya ce a ransa ranar Litinin zai gyara.

Litinin ta zo ta wuce sama da sau ɗari da hamsin. Gyaran na buƙatar a tsayar da aiki na awa guda, tsayarwar na buƙatar sa hannun Manaja, sa hannun kuma na buƙatar Injiniya ya buɗe baki ya ce tafin nan da aka yi masa bai ci shi ba. A makon farko kunyar ƙarama ce, da ya daure da ta wuce. Bayan shekara guda ta yi girman da ba ta fita ta ƙofar ofishin Manaja.

Haka aka zauna. Duniya na ganin manhaja na gudu a kan manyan sabobi, alhali tunin dubban marasa lafiya yana rataye a wuyan wata tsohuwa da ke gefen kwandon shara. Injiniya ya manna mata takarda, ya rubuta KADA A KASHE da manyan baƙaƙe. Ya ɗauko ƙaramar fankar ɗakin girkin gidansa ya ajiye mata, maiɗakinsa ta yi wata biyu tana nema tana zargin maƙwabta. In wuta ta ɗauke, shi ne na farko a durƙushe yana duba batir. Asabar da Lahadi kullum akwai abin da ya manta a ofis. Kowace rana ƙarfe huɗu yakan kwafe rumbun a faifai ya kulle a durowa. Da mai kula da kaya ya zo kwashe tsofaffin na'urori, Injiniya ya tare hanya ya ce sabo ne, ba ya iya rabuwa da ita. Aka yi dariya, aka ce Injiniya da Gwaggonsa sai Allah.

Ba sabo ba ne. Ya so ta, gaskiya ne, amma ya gaji da ita gajiyar da ba ta faɗuwa.

Garin mahaifiyarsa tafiyar yini biyu ce, kuma Gwaggo ba ta kwana biyu ba a duba ta ba. A shekarar ƙaurar ne likita ya ce Inna na da ciwon ido, irin wanda ke ci a hankali kuma ba ya mayar da abin da ya ci. Takan kira shi ta ce, "Ɗan nan, ni ban ce ka kawo mini komai ba. Ka zo dai in gan ka tun idon na gani." Shi kuma ya ce, "Inna, wata mai kamawa in Allah Ya yarda, aiki ne ya riƙe ni." Sau uku yana cike takardar hutu, sau uku yana zuwa ya janye ta. Manaja har misali yake bayarwa da shi a taro. Ƙanwarsa da ke zaune da Inna ta gaji ta daina tambaya, ta koma gaisuwa kawai, gaisuwar ma a taƙaice.

Ciwon ajali ya fara da tari. "Furrr" ɗin nan ya koma "ƙurrr", tana yi tana tsayawa. Sai mantuwa ta biyo, agogonta ya riƙa komawa shekarar da aka ƙera ta. Ranar Talatar, Injiniya ya ji ƙauri, ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a gefenta, zafi rau. Ta ce "ƙit, ƙit, ƙit", sau uku, muryar da rabon a ji ta tun ranar ƙaura. Daga nan ta yi shiru.

Allon bango ya soma rikiɗa ja, ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin asibitoci suka shigo. Babbar injiniya mai kula da gungu, wadda duk ofis ke kira Yaya, ta buɗe fayil ɗin saiti, ta karanta layin, ta sake karantawa. Ta leƙa ƙarƙashin tebur, sannan ta dube shi.

"Injiniya, adireshin nan na waye?"

Ya nuna Gwaggo da yatsa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka tafa, Yaya."

"Kana da kwafi?"

Ya buɗe durowa. Yaya ta ja kujera ta zauna a teburinsa, ta tayar da rumbu a gungu, ta zuba kwafin jiya, ta canza layin. Minti talatin da biyar, allo ya koma kore. Tana miƙewa ta ce, ba da faɗa ba, "Haba ƙanena. Da ka gaya mini tun farko, ai kafin shayi ya huce mun gama." A duk abin da ya faru ranar, wannan maganar ce ta fi yi masa ciwo.

Manaja ma bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi a rubuta abin da ya faru kowa ya karanta, sannan kada ya sake ganin Injiniya sai bayan mako biyu. Wannan sanarwa ita ce rubutun. A cikinta yana neman gafarar ma'aikatan karɓar baƙi na asibitoci, waɗanda suka sake shigar da rajistar safiyar da hannu, da marasa lafiyar da tuninsu ya makara.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙananan manhajoji goma sha biyu da 'yan rakiyansu, dukansu suna gungu cikin ƙoshin lafiya, kuma ba ɗaya a cikinsu da ta lura an yi rashi. Ta bar madannai mai giɓi biyu, da batirin da suka yi zaman amana tare, da fankar ɗakin girki, wadda aka mayar wa mai ita jiya tare da bayani. Ta kuma bar Injiniya, ɗan shekara arba'in da ɗaya, da ciwon baya.

Za a yi mata sutura gobe Alhamis ƙarfe tara na safe. Mai kula da kaya zai zare faifanta ya goge, a naɗe mata wayoyinta, a saukar da ita ɗakin ajiya na ƙasa inda magabatanta suke. Takardar KADA A KASHE za ta tafi tare da ita, an roƙi kada kowa ya ɓamɓare. Yaya ce za ta karɓi gaisuwa a madadin iyalai.

Injiniya ba zai samu halarta ba. Motarsa za ta tashi ƙarfe bakwai, wayarsa kuma a kashe za ta kasance. Ya kira ƙanwarsa ya ce ta shaida wa Inna yana tafe ta gan shi. Ta ce ya zo ɗin, amma ya sani tun watan jiya da hannu Inna ke gane mutane. Ya ce ba komai, zai durƙusa ta shafa.