Waƙar Wayar Roba a Shiling

Ko na manta komai na zuwa Guangzhou, ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya ci amanata a Shiling, garin masana'antun jaka da ke gefen birnin, ba. (Wanda ya san ni ya san bakin nan ba ya jiran izinina.)

Jakunkunan mata nake sarowa ina kaiwa Kano, kuma shekara shida ina saye a masana'antar wata dattijuwa, Madam Lin. Ba ta jin Turanci, ni kuma yarensu bai wuce gaisuwa da godiya a bakina ba, sai 'yarta ke mana tafinta. Amma matar nan ta riƙe ni tamkar ƙanwarta. Da zazzaɓi ya kwantar da ni a masaukina da ke unguwar Xiaobei, da kanta ta taso da tukunyar kunun shinkafa, ta sa 'yarta ta rantse mini babu alade a ciki.

Rannan muna shan shayi a ofishinta, sai ta buɗe durowa ta fito da wani tsohon kaset naɗe cikin ƙyalle, ta saka a rikoda. Muryoyin 'yan mata uku suka tashi, sirara, da kiɗa irin na da.

Ai kuwa nan take na gane ta! Waƙar nan ce ta cikin wayar roba da ake sayar mana a bakin makaranta muna firamare. Ka danna, ta ɗauka, ka sake dannawa, har batir ya mutu. Na tuntsire da dariya ina buga cinya, na toshe hanci na kwaikwaye su. Na ce wa 'yar, "Gaya wa Madam, a unguwarmu babu uwar da ba ta yi Allah ya isa ga masu waƙar nan ba. Hajiyarmu a rijiya ta jefa tawa, ta ce gara kukan sauro."

'Yar ta ƙi fassarawa. Ni kuma sarkin iyayi na ce, "Fassara mana, kar ki rage komai!"

Ta fassara.

Madam Lin ta kashe rikoda, ta juyo mini da hoton jikin kaset ɗin. 'Yan mata uku ne cikin jajayen riguna iri ɗaya. Ta ɗora yatsa a kan ta tsakiya, sannan ta nuna ƙirjinta.

Innalillahi! Wallahi na ji kamar in shige cikin jaka a zuge ni.

A bakin ƙofa 'yar ta ba ni sauran labarin. Suna 'yan mata suka yi waƙar, ita kaɗai ce tasu da ta yi tashe. Daga baya kamfanin ya sayar da ita ga masu ƙera kayan wasa, su kuma suka watse. Ta hannun hagun makon jiya ta rasu. Madam ba ta taɓa kunna wa baƙo kaset ɗin ba sai ni.

Na ba da haƙuri har na gaji, ta ce ba komai. Har yau ina saye a wajenta, amma 'yar ce ke fitowa.

Abin da ke ci mini rai, labarin da zai faranta mata yana bakina a ranar: muryarta ta je har Kano, mu duka mun haddace waƙar. Na bar shi na zaɓi wanda zai sa a ce na iya ba da dariya.

Yanzu in aka kunna mini waƙa, komai muninta, sai na fara tambayar wa ya yi ta, da kuma ko yana cikin ɗakin.