Yadda Taswira Ta Tona Mini Asiri a Kalgo

Ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da ya same ni a ɗakin taron ƙaramar hukumar Kalgo, shekarar da fetur ya gagari manoman rani. Ni mutumin Gwandu ne, malamin gona, aiki ne ya kai ni Kalgo. Aka zo da wani shiri na raba injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, aka tura mu Birnin Kebbi bita ta kwana uku, aka ba kowa waya da manhajar yi wa gonaki rajista.

Na dawo kaina ya cika fal. Na tara manoman ƙauyen Wurogauri a gindin bishiya, na shiga zuba bayani. Na ce musu duniya ta juya, kowa yana gudun hayaƙi. Na ce farantan hasken ranar daga ƙasar Sin ake ƙero su, kuɗin daga Turai, su kuma Turawa sun ce ba za su saki ko inji ɗaya ba sai sun ga kowace gona a taswira. Har na taɓo rigimar Sin da Amurka a kan ma'adinan batir (abin da ni kaina ranar Talata na fara jin sa).

Wani dattijo, Malam Dikko, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, su manyan nan, a kan albasarmu suke faɗa?"

Aka yi dariya. Na gyara tsayuwa na ce, "Baba, abin da nake so ku gane shi ne, yanzu tauraron ɗan adam yana ganin komai. Ba wanda zai iya ha'inci." Allah sarki, ni.

Ƙa'idar aikin ita ce ka je gonar da ƙafarka, ka tsaya a cikinta, ka cika bayanai, ka danna ajiye. Gonaki talatin da ɗaya aka ba ni. Na yi goma sha biyu tsakani da Allah. Daga nan rana ta fara gasa ni, laka ta cinye mini takalmi, sai na ce da kaina ai sunaye da girman gona duk suna cikin littafina, mene ne na wahala? (An faɗa mana a bita cewa manhajar tana ɗaukar wurin da kake tsaye da kanta. An ce bayan cin abincin rana aka faɗa. Ni kuwa bayan tuwon shinkafa ba na cikin duniya.)

A lokacin ina neman Balkisu, 'yar Alhaji Bawa, shugaban ƙungiyar manoman Kalgo. Balkisu kuwa in ka aika a kira ta, sai ka yi haƙuri. Saboda haka kullum bayan la'asar, ina zaune a dakalin ƙofar gidansu ina jira, sai in buɗe littafi in shigar da gona uku ko huɗu. Cikin mako guda na gama. Har ina yi wa abokan aikina dariya, su da suka yi baƙi ƙirin a fadama.

Ranar tantancewa ɗaki ya cika: manoma, masu unguwanni, da Alhaji Bawa a layin gaba. Ni kuwa na sa sabuwar shadda don ya gani. Jami'ar da ta zo daga Birnin Kebbi, Hajiya Kulu, ta haska taswira a bango da majigi, kowace gona ɗigo ɗaya. Da aka zo kan nawa, ga goma sha biyu sun jeru a bakin fadama gwanin sha'awa.

"Malam, ina sauran goma sha taran?" in ji ta.

"Suna nan, Hajiya, a duba da kyau," na ce, har da ɗan murmushi.

Ta duba da kyau. Taswira ta baro fadama, ta tsallake hanya, ta shigo cikin gari. Can sai ga wani jibgegen ɗigo, an ɗora wani kan wani. Ta ƙara girman hoton. Ga rufin kwano, ga bishiyar darbejiya, ga lungu.

Alhaji Bawa ya ciro tabarau ya sa. "Hajiya, ƙara matso da ita." Ta matso. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wagga ai ƙofar gidana ce. Ga dakalina nan." Ya juyo ya dube ni a natse. "Yaro, yaushe aka fara noman albasa a dakalina ban sani ba?"

Ɗaki ya ɗauka da dariya. Hajiya Kulu, da ba ta san labarin ba, ta ƙara da cewa abin mamaki duk tsakanin la'asar da magariba aka shigar da su. Wani daga baya ya ce, "Lokacin zance ke nan!" Wallahi na ji gumi yana gangarowa har cikin safata.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Da Hajiya ta ce nan da kwana uku za a rufe rajista, kuma duk gonar da ba ta wurinta za a ɗauke ta a matsayin ta bogi a cire, Malam Dikko ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, bara rabin albasata ta ƙone don ban iya sayen fetur ba. Tawa tana fadama ko tana dakali?"

Tana dakali. Wannan tambayar ta fi dariyar ɗakin duka ciwo.

Kwana ukun nan na yi su a fadama tun daga hantsi, babu takalmi. Malam Dikko da kansa yake shiga gaba yana nuna mini gonar kowa, bai sake tayar da maganar ba, har ruwa yake miƙo mini. Ranar ƙarshe da azahar na tura ta goma sha tara, duka kuma suka shiga. Balkisu ta yi mako biyu ba ta fito ba, ta ce na mayar da gidansu abin nuni. Daga baya dai ta huce, yanzu 'ya'yanmu biyu.

Na koyi cewa aikin da aka ce a yi da ƙafa, da ƙafa ake yin sa. Na kuma koyi cewa in mutum zai je zance, ya bar wayar gwamnati a ofis.