Kawu Ya Leƙo Jirgin Jobbar

"Ina kwana, angon da ba haƙori?"

"Lafiya lau, amarya mai minshari. Rage murya."

Da haka Shefali da kakanta Jobbar suka buɗe mana safiya. Jiya muka ɗauko ta daga garin Mongla a ɗan jirgin ruwansa mai zanen kama iska, za mu kai ta ƙauye hutu. Iska ta ɗauke mana, muka kwana a wani siririn rafi cikin kurmi. Kafin asuba ruwa ya janye zuwa teku kamar yadda ya saba, jirgi ya zauna daram a kan laka. Shekara talatin ina ja wa tsohon nan igiya, ban taɓa jin ya ce a rage murya ba, shi da ake jiyo shi daga tsallake. Na bi idonsa zuwa goshin jirgi, na ga abin da ya gani.

"Kawu ya leƙo mu muna barci," in ji shi ƙasa-ƙasa.

Shefali 'yar birni ce, ba ta san yaren kurmi ba.

"Wane kawun? Ko kifi bai kawo ba? Danginka dai akwai rowa."

"Shi ɗauka yake yi, ba ya kawowa."

"Ashe jininka ne. Kira shi ya ci jiƙaƙƙiyar shinkafar jiya mana."

"Ba ya cin shinkafa. Ke na yi masa tayi, ya shinshina ya ce ƙashi ya yi yawa."

"Kai kuwa sai an kwana ana dafa ka!"

Kafin mu ankara ta miƙe, ta fuskanci kurmi. "Kawu! Fito mu gaisa!"

Birai suka kaure da ihu a saman itatuwa. Na fizgo ta ƙasa, na nuna mata katakon jirgi. Sawu ne na ɗanyar laka, faɗinsa ya kai faranti, taku biyu daga inda ta sa kanta ta yi barci.

"Wannan ai sawun dami..."

Jobbar ya toshe mata baki. "A nan ba a kama sunansa. Kawu ne. Wanda ya kira suna, amsa masa ake yi."

Ba inda za mu sai ruwa ya dawo. Muka zauna mun haɗa baya, ni da gora, shi da adda. Wallahi na ji tsoro, ganye ya motsa sai in fara salati.

"Tsoho," ta raɗa, "in ya dawo, da kai zai fara ko?"

"Yana da ladabi, baƙo yake fara gaisarwa."

"To na fasa auren."

"Bari mu fita rafin nan, ni ma na gaji da ke."

Can ruwa ya dawo, jirgi ya yi wani ɗan lilo. Na dafa gora na tura, na ja igiya, zane ya cika da iska. Ba wanda ya waiwaya. Sai da rana ta take, gaɓa ta yi nisa ta ko'ina, Shefali ta sami bakinta.

"Jarumin kurmi, me ya sami gwiwarka take kaɗawa?"

"Sanyi ne."

"A wannan ranar?"

Ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa.

"Kin ci, ja'ira. Zo ki riƙe sandar tuƙin nan, hannuna ya ƙi tsayawa. Da ya ɗauke ki, da wane baki zan gaya wa uwarki?"